Auren jinsi a Nijar: doka ta hana ne, ko dai ba ta san da zamansa ba?

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da dare gardama ta kaure a fadarmu har shayi na biyu ya ƙone bisa gawayi ba wanda ya lura. Wani abokinmu direba, mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina, ya ce wai a Najeriya duk wanda ya yi auren jinsi shekara 14 zai sha a gidan kaso, amma mu nan Nijar tun da aka samu 'yancin kai doka ba ta taɓa cewa uffan ba. Har ya ce da maza biyu za su je meri su nemi a ɗaura musu, magajin gari ba shi da ayar da zai kore su da ita. Ni na ce ƙarya yake. Mun yi da shi duk wanda ya faɗi shi zai sayi sukari da ganyen shayi na sati guda. Masu ilimin doka ku raba mu don Allah.

Mai_Kabukabu227:
A'uzu billahi. Da sanyin safiyar nan? Abin da ko a baki ba shi da daɗin faɗa.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Ai tambaya ya yi, Mai Kabukabu, bai ce a zo a yi ba. Ni ma ina son in ji, don kullum sai an turo mini murya a WhatsApp ana cewa an sa hannu, an sayar da ƙasa, ban san ta gaskiya ba.

Ɗalibar_Doka:
Yaya Ɗan Bagalam, kai da direban kowa ya riƙe ƙafa guda ta gaskiya. Ni 'yar unguwar Zariya ce a Maradi, amma a Tawa nake karatun doka, bari in faɗi abin da muka karanta.

Magana uku ce mutane ke cuɗawa wuri ɗaya. Akwai auren da hukuma ta yarda aure ne. Akwai hukunta aikin kansa, wato luwaɗi ko maɗigo. Akwai kuma hukunta biki, shaidu da ƙungiyoyi. Ƙasa na iya samun ɗaya ba ta da sauran.

A kan ta farko direba ya faɗi ƙasa warwas. Kod sibil, wato kundin dokokin zamantakewa da muka gada daga Faransa, da namiji da mace yake magana, shi ne ma ya ce namiji sai ya kai 18, mace 15. Kuma a Nijar galibin shari'ar aure, saki da gado da al'adar masu ƙara ake yanke ta, shi ya sa za ka ga malamai masu taimaka wa alƙali zaune a gefensa. Babu al'adar Bahaushe, Bafillace, Babarbare ko Buzu da ta san aure tsakanin maza biyu. Ke nan magajin gari ba ya buƙatar ayar kora, babu takardar da zai cika musu tun farko.

A kan ta biyu kuwa direba yana da hujja. Kod fenal na 1961, wato kundin laifuffuka da hukuncinsu, bai sa hukunci a kan manya biyu da suka yi abinsu a ɓoye ba. Aya ta 282 ta yi magana ne a kan wanda ya yi da ɗan jinsinsa da bai kai shekara 21 ba: ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, da tara daga jika 10 zuwa jika 100. Sai kuma ayoyin rashin kunya a bainar jama'a, waɗanda suka hau kan kowa.

Ɗan_Bagalam:
To ƙanwata, a taƙaice wa zai sayi sukarin?

Mushe_Ritaya:
Ɗiyata Ɗalibar Doka, Allah shi yi miki albarka, kin yi bayani. Bari tsoho shi ƙara tarihi kaɗan, don nan ne abin mamakin yake.

Kun taɓa tambayar kanku mi ya sa Najeriya, Gana, Uganda da Kenya sunka tashi da dokar hukunta luwaɗi tun ranar 'yancinsu, amma Nijar, Mali, Burkina da Kodebuwa ba su tashi da ita ba? Ba don mun fi su sakaci da addini ba ne. Kowa rigar ubangidansa ya gada. Ingila tana da dokar, ta bi ƙasashen da ta mallaka tana dasa ta. Faransa kuwa ta cire laifin daga littafinta tun 1791, zamanin juyin juya halinsu, don haka lokacin da sunka zo nan babu shi cikin kayansu. Ita kanta maganar shekara 21 da ɗiyata ta kawo, gwamnatin Vichy ta Faransa ta shigo da ita a 1942, lokacin yaƙin Hitila. Mun kwafo ta a 1961, su Faransawan sun shafe tasu a 1982, mu tamu ta zauna.

Shi ya sa nake murmushi in na ji wani na cewa dokar hana luwaɗi ta Najeriya dokar gargajiya ce, shi kuma wani na cewa shirun Nijar wayewa ce. Duka biyu Bature ne ya bar su a kan tebur ya tafi.

Bagobirin_Tibiri:
Mushe, da girmanka, amma ban yarda ba. Kafin Bature shi zo ba mu da shari'a ne? Alƙalan Katsina da Gobir da mi suke hukunci? Haramcin abin ga ba daga Landan ya zo ba, yana cikin Alƙur'ani tun kafin a san akwai Ingila.

Mushe_Ritaya:
Bagobiri, ban ce haramcin daga Landan ya zo ba. Na ce ayar da ɗan sanda ke kama mutum da ita a Legas daga can ta zo. Haramci daban, lambar aya daban. Ka sake karantawa a hankali, ko da yake na san karatu a hankali ba gadon Gobirawa ba ne.

Bagobirin_Tibiri:
Hahaha, Bakatsine ke nan. Za mu gamu a Tibiri ranar Laraba.

Ɗan_Jibiya:
Ni daga tsallaken iyaka nake, bari in gyara wa direbanku lissafi. Dokar da yake nufi ita ce wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. Shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, shekara 10 kuma ga mai kafa ƙungiyarsu ko shiga cikinta. Wannan ta tarayya ce. Ban da ita akwai jihohi 12 na Arewa masu shari'ar Musulunci, wadda Zamfara ta fara a zamanin Yarima, kuma Katsina na ciki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun kafin 2014 babu inda ake ɗaura irin wannan aure a Najeriya. An hana abin da dama babu shi. Abin da dokar ta ƙara a zahiri shi ne kama mutane a wurin taro. A Disamban 2022 Hisbar Kano ta kama mutum 19 a wani wurin biki bisa zargin auren jinsi, duk gidajen rediyo sun ɗauka.

Malam_Limanci:
Bismillah. Da farko, Ɗan Bagalam, wannan sharaɗi naku na sukari ku dube shi da kyau, yana da ƙamshin caca. Wanda ya ga dama ya sayo don Allah, a sha tare.

Sannan a wajenmu maganar ba ta da wahala. Aure a mazhabar Malikiyya yana da rukunai: waliyyi, sadaki, siga, da miji da mata waɗanda babu hani tsakaninsu, sannan shaidu biyu adilai. In babu mace a ciki, ko babu namiji, ba a ma fara ba, kamar a ce an yi sallar Juma'a ranar Talata. Ƙissar mutanen Annabi Luɗu, alaihis salam, tana cikin A'arafi da Hudu da wasu surori, babu malamin da ya halatta aikin.

Amma ina jan kunnen matasa a kan abu guda. Addinin da ya haramta aikin, shi ne ya haramta leƙen asirin mutane, a duba Hujurati aya ta 12. Shi ne kuma ya sa bulala 80 ga mai ƙazafi da ya kasa kawo shaidu huɗu, a duba Suratun Nur. Malamai sun saɓa a kan hukuncin luwaɗi, Malikiyya sun tsananta, Abu Hanifa ya bar shi ga ta'azirin shugaba, amma babu ko ɗaya cikinsu da ya miƙa hukunci ga 'yan unguwa da sanduna. Hukunci na hukuma ne, bayan hujja.

Mai_Kabukabu227:
Allah shi gafarta Malam, to in hukuma ta yi shiru fa? Mu zuba ido?

Malam_Limanci:
Ka yi wa'azi, ka tarbiyyantar da 'ya'yanka, ka kai ƙara inda ake kaiwa. Sanda ba taka ba ce.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Malam ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Bari in ba ku abin da na gani da idona, ba labari ba.

Akwai wani ɗan daudu da ya yi shekaru yana sayar da abinci kusa da wata tasha a garin nan. Duk wanda ya ci tuwon shinkafarsa da miyar taushe ya san hannu ne. In muna da biki shi muke kira ya riƙe mana tukwane, ya zo da zaninsa ɗaure a ƙirji da ludayinsa, yana yi wa 'yan mata tsiya wai ba su iya yanka albasa ba. Uwarsa tsohuwa da ƙannensa uku duk a wuyansa suke. Wata rana ya yi rigima da wani yaro a kan bashin abinci na jika biyu da rabi. Kwana biyu sai ga murya tana yawo a waya wai an ga ana ɗaura masa aure da wani namiji a wani gida. Babu gidan, babu angon, babu wanda ya gani. Da magariba samari suka zo suka kifar da tukwanen, miya ta malale har bakin kwalta, suka farfasa masa kwanoni. Da ba don wani dattijo mai sayar da goro ya tura shi cikin shagonsa ya ja ƙofa ba, da wani labarin ake yi. Washegari ya bar garin. Tsohuwar nan har ta rasu ba ta sake ganinsa ba.

Ni ban san abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba, kuma ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne bashin jika biyu da rabi ne ya kore shi. Duk dokar da za a yi, a sa mata hukuncin mai ƙarya a ciki, in ba haka ba kowa ya ji haushin maƙwabcinsa ya samu makami.

Uwar_Biyu:
Innalillahi. Hajiya, wannan ya taɓa ni. Kuma ai ba kowane ɗan daudu ne ke wannan aikin ba, da yawa suna da mata da 'ya'ya.

Bagobirin_Tibiri:
Hajiya, abin da aka yi masa zalunci ne, ban musa ba. Amma wannan hujja ce ta a yi doka, ba ta a bari ba. Inda doka ta yi shiru nan ne talaka ke ɗaukar sanda. Da akwai inda za a kai ƙara a bincika, da yaron da ya ƙirƙiri maganar shi zai kwana a komisariya.

Ɗan_Jibiya:
Bagobiri, mu da muke da dokar har biyu, ka ga an daina ɗaukar sanda? Sai ma aka samu masu sana'ar tarko a waya, su yaudari mutum ya zo, su ƙwace masa waya da kuɗi, sun san ba zai iya zuwa wurin 'yan sanda ba.

Ɗalibar_Doka:
Bari in dawo da mu kan tambayar, don ban gama ba ɗazu, caji ya ƙare. Abin da na faɗa game da kod fenal tarihin 1961 ne, amma ƙasa ta motsa tun daga nan. A Janairun 2023 Bazoum, shugaban ƙasa na lokacin, ya faɗa a rediyo cewa ana sake rubuta kod fenal kuma za a sa babi a kan luwaɗi. Kafin a kai ga haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli. Sannan kundin Refondation, mai matsayin kundin tsarin mulki, da Janar Tiani ya sa wa hannu a Maris 2025, bayan babban taron ƙasa na Fabrairu, ya ambaci waɗannan ɗabi'u da sunansu ya ce an hana su kuma doka za ta hukunta. Kundi irin wannan yana kafa ƙa'ida ne, adadin shekaru da tara kuwa a kod fenal ake rubuta su. Don haka in direba ya ce "doka ba ta taɓa cewa uffan ba", to daga 2025 maganarsa ta tsufa.

Maƙwabtanmu na AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, su ma hanyar da suka bi ke nan. Majalisar riƙon ƙwarya ta Mali ta amince da sabon kod fenal mai hukunta luwaɗi a ƙarshen Oktoban 2024. Burkina kuma ranar 1 ga Satumban 2025 ta sa shi cikin sabuwar dokar iyali, ɗaurin shekara 2 zuwa 5. Duka biyun a da shiru dokarsu ta yi, kamar yadda Baba Mushe ya bayyana.

Talaka_Bawan_Allah:
Ni dai tambayata guda. Buhun hatsi nawa yake yau a kasuwa? Mutanen Madarunfa da Gidan Runji da ke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane, auren jinsi ne ya hana su barci? Kowace gwamnati, ta farar hula ko ta soja, in ta ga jama'a sun fara ƙorafi sai ta jawo wannan maganar, kowa ya yi kabbara, a manta da cikin da ke kuka. Wa ya taɓa zuwa meri a Maradi ya ce a ɗaura masa da namiji? A nuna mini mutum guda.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi hattara. Muhawara a kan doka muke, ba a kan wace gwamnati ta fi wata ba. Kuma duk wanda ya kawo sunan wani ko hotonsa yana zarginsa, zan cire shi ba tare da sallama ba. Na riga na goge saƙo biyu.

Bagobirin_Tibiri:
Talaka, ba a jiran ruwa shi ci gida kafin a yi magudana. Waɗanda sunka halatta shi yau, su ma shekara 40 da ta wuce da ka faɗa musu dariya za su yi. Kuma matsin lamba gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Uganda ta yi dokarta a Mayun 2023, zuwa Agusta Bankin Duniya ya dakatar da ba ta sabon bashi, sai a 2025 ya janye dakatarwar. Obama da kansa ya tayar da maganar a Dakar a 2013, Macky Sall ya ce masa Senegal ba ta shirya ba. In ba su damu da mu ba, mi ya kawo bashi cikin maganar ɗakin kwana?

Baƙo_a_Liyon:
Salam 'yan gida. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ɗan Sabon Gari ne, shekara 12 ke nan ina Faransa, ina nan aka yi rigimar halatta auren jinsi ta 2013. Kada ku ɗauka Turawa baki ɗaya suka yarda. Dubban ɗaruruwan mutane sun cika titunan Paris suna adawa, yawancinsu 'yan Katolika, har da Musulmi. Ministar shari'a Christiane Taubira ta sha zagi a majalisa kafin dokar ta wuce, shugaba Hollande ya sa hannu a watan Mayu. Kafin nan suna da wata yarjejeniyar zaman tare tun 1999 wadda ba ta kai aure ba. Holan ce ta fara a duniya, a 2001.

Abin da na fahimta a zamana nan shi ne, kalmar aure ba abu ɗaya take nufi a wurinmu da wurinsu ba. A nan auren meri shi kaɗai doka ta sani, kuma takarda ce ta gado, haraji, fanshon mamaci, takardar zama, da wanda likita zai saurara in kana kwance ba ka iya magana. Babu wanda ya tilasta wa limami ko fada ya ɗaura. Akwai wata mata a wurin aikina, shekara 20 tana zaune da abokiyar zamanta, damuwarta duk a kan gidan da suka saya tare ne in ɗaya ta mutu. Mutuniyar kirki ce, ita ta riƙe mini aiki lokacin da na zo jana'izar mahaifina.

Ban ce a kawo shi Nijar ba, na san ƙasata kuma na san addinina. Amma ni a ra'ayina ƙin ɗaura aure daban, ɗaure mutum a kurkuku daban. Na farko ƙasa ce ke cewa ga abin da na sani aure. Na biyu ƙasa ce ke shiga ɗakin balagaggu biyu, kuma ba ta shiga sai da ɗan leƙen asiri.

Mai_Kabukabu227:
To fa. Ruwan Faransa ya fara aiki.

Uwar_Biyu:
Haba Mai Kabukabu, mutum ya faɗi ra'ayinsa da ladabi, ka ba shi amsa da hujja mana.

Mushe_Ritaya:
Baƙo, ɗana, na ji ka, amma ga tambaya. Faransar da ta ce balagaggu su zaɓi abin da suke so, ita ce tun 1993 ta hana ba matar mutum ta biyu takardar zama. Alhaji mai mata biyu, dukansu balagaggu, dukansu sun yarda, a can mai laifi ne. Ke nan su ma suna da iyakar da sunka ja bisa al'adarsu, ba bisa yardar balagaggu kaɗai ba. In sun ja tasu, mi zai hana mu ja tamu?

Baƙo_a_Liyon:
Baba Mushe, wannan gaskiya ce, kuma na sha faɗa musu haka a wurin cin abinci, sai su yi shiru ko su ce ai wancan danne mata ne. Ƙasa ɗaya na sani da ta bar ƙofofin biyu a buɗe, Afirka ta Kudu. Dokarsu ta 1998 ta yarda da auren gargajiya har da mata fiye da ɗaya, Jacob Zuma yana shugaban ƙasa da matansa. Sannan kotun tsarin mulki ta ba majalisa shekara guda a 2005, aka yi dokar auren jinsi a Nuwamban 2006. Har yau ita kaɗai ce a Afirka.

Ɗalibar_Doka:
Wannan ya kawo abin da malaminmu ke yawan tambaya: wa ke da ikon yanke irin wannan magana, alƙali ko majalisa? A Amurka alƙalai 5 cikin 9 ne suka halatta wa ƙasar gaba ɗaya ranar 26 ga Yunin 2015, shi ya sa masu adawa suka ce an ƙwace wa jama'a bakinsu. Da kotun ta soke tsohon hukuncinta da ya halatta zubar da ciki a 2022, sai tsoro ya kama magoya baya, majalisa ta yi sauri ta yi doka a Disamban shekarar don kare auren da aka riga aka ɗaura. Indiya ta bi wata hanya: kotun ƙoli ta cire laifin a 2018, amma a Oktoban 2023 ta ƙi halatta auren, ta ce aikin majalisa ne. Botswana ma kotu ta cire laifin a 2019, aure kuwa babu. Kun ga matsayin da Yaya Baƙo ke faɗa akwai ƙasashen da ke kansa.

Ɗan_Mishan_Maradi:
A matsayina na Kirista ina so a san ba Musulmi kaɗai ke da wannan matsayi ba. A Disamban 2023 fadar Vatican ta fitar da takarda mai ba fada damar sa wa irin waɗannan mutane albarka, ba ɗaurin aure ba. Ko wata guda ba a yi ba bishop-bishop na Afirka, ƙarƙashin Kadinal Ambongo na Kinshasa, suka ce ba za a yi haka a cocinsu ba. Amma ina tare da Hajiya Mai Atamfa ɗari bisa ɗari. Mu mun san abin da taron fushi yake yi. A Nuwamban 2000, da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, a Yamai ake bikin amma a Maradi aka ƙona mashaya da ɗakunan mata masu zaman kansu, wuta ta taɓa har wuraren ibadarmu. Ina yaro lokacin, ban manta hayaƙin ba.

Uwar_Biyu:
To ni har yanzu ba a amsa mini ba. Maganar Samowa da aka yi ta turowa fa, wai an sa hannu a karɓi dala biliyan 150 a halatta auren jinsi?

Ɗan_Jibiya:
Hajiya, wannan a wurinmu ta tashi, a Yulin 2024. Yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karebiyan da Pasifik, an fara sa mata hannu a tsibirin Samowa a Nuwamban 2023, Najeriya ta sa nata a Yunin 2024. An yi huɗubobi a kanta sosai. Ƙungiyar lauyoyin Najeriya ta fito ta ce babu ayar auren jinsi a ciki, kuma dokar 2014 tana nan daram. Masu shakka sun ce kalmomin "jinsi" da "haƙƙin lafiyar haihuwa" da ke ciki ƙofa ce ta baya. A nan gardamar take, amma ba wanda ya nuna layin da aka rubuta aure.

Ma'aikaciyar_Lafiya:
Ni daga ɓangaren asibiti zan yi magana, ba fatawa zan ba da ba. Muna da masu karɓar maganin sida kowane wata, kuma ba ma tambayar mutum yadda ya samu sai abin da ya faɗa da bakinsa. Duk lokacin da irin wannan magana ta yi zafi a rediyo, akwai waɗanda ke ɗauke ƙafa, sai bayan wata uku su dawo sun rame. Da yawansu magidanta ne. In ya daina shan magani, matarsa ta gida ce ke biya, da jaririn da ke cikinta. Masu rubuta doka su tuna da sirrin majiyyaci, shi ke nan roƙona.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Kuma tun da ana maganar kare aure, ni abin da ke ba ni mamaki: auren da muke da shi ɗin, wa ya kare shi? Ƙasar nan har yau ba ta da dokar iyali. An gwada a shekarun 1990 aka ce kafirci ne, an sake gwadawa a 2011 aka janye. Majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin mata a 2006. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matanmu ana aurar da su kafin 18, kuma Maradi na sahun gaba. A saki mace da 'ya'ya biyar da tsakar dare, ko kwanon hatsi babu mai tilasta wa uban. Wannan ba ya tayar da zanga-zanga.

Malam_Limanci:
Hajiya, an ƙi waɗancan daftarin ne saboda an cusa abin da ya saɓa wa nassi a gado da saki, ba don an yarda da zaluntar mata ba. Ciyar da 'ya'ya wajibi ne a kan uba ko da ya saki uwarsu, wanda ya ƙi azzalumi ne. Amma na karɓi rabin maganarki: mu masu mumbari mun fi ɗaga murya a kan zunubin da ba namu ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allah shi gafarta Malam, rabin ma na gode, ba kullum ake samu ba.

Talaka_Bawan_Allah:
Har yanzu dai ba a nuna mini mutum gudan da ya je meri ba.

Bagobirin_Tibiri:
Kuma ba za a nuna maka ba, in sha Allahu. Shi ne amfanin magudanar.

Ɗan_Bagalam:
Jama'a na gode, na karanta wa 'yan fada duka, har da na Malam a kan caca. Yanzu wata sabuwa ta taso. Direba ya ce shi a kan 1961 yake magana, kuma Ɗalibar Doka da Mushe sun gaskata shi. Ni na ce maganar meri ce asalin gardamar, kuma a nan ya faɗi. Ƙanwata, ki yanke mana ɗaya.

Ɗalibar_Doka:
Yaya, shi ya sayi sukari, kai ka sayi ganye. Gawayi kuma na wanda ya bar shayi na biyu ya ƙone.

Mai_Kabukabu227:
Wace fada ce a Bagalam ɗin? In na sauke fasinjan ƙarshe zan biyo.